Shekarar da Na Fasa Sirrin Malam Ado

Na san abin da kuka ji a kaina. Ke Walida, a gidan biki aka yi maganar a bayanki, kika dawo kika ƙi cin abinci. Kai kuwa Sadiƙ, a tsakiyar kasuwar Sabon Gari wani ya faɗa maka ido da ido, har kuka kusa ba hammata iska. Wai ubanku ya je Dubai ya sayar wa Turawa sirrin maigidansa. To ku saurara da kyau, don ba zan maimaita ba. Ban sayar ba. Kyauta na bayar, kuma a wajen mutanen layinmu na masu naɗin waya wannan ya fi sayarwar muni, domin wanda ya sayar ana iya cewa yunwa ce ta kora shi. Ni ba yunwa nake ji ba, albashina yana shiga duk wata. Son sani ne da ƙaiƙayin hannu suka ja ni, daga baya kuma kunya ta ƙarasa aikin.

Ba ku san maigidan nawa, Malam Ado, da ƙarfinsa ba. Lokacin da na zauna a shagonsa, duk fankar da ta ƙone, duk injin ban ruwa ko taransifomar da ta mutu a wannan ɓangaren na Kano, wajensa ake kawowa ya sake naɗa mata wayar tagulla. Masu naɗi sun fi ashirin a layin, amma nasa ne kaɗai ba ya dawowa. Shekara goma sha ɗaya na yi a gabansa, kuma ban taɓa jin ya ce "ga yadda ake yi" ba. Kallo kake yi, ka share shago, ka ɗauko, ka ajiye, in ka yi tambaya ya ce ka je ka sayo goro. Akwai wata akwatin kwano a bayan shago da yake shiga wajenta shi kaɗai, ya rufo labule. Sai a shekarata ta tara ya kira ni bayan labulen nan, ya nuna mini abin da yake yi. Idan an gama naɗi an jiƙa shi da banish, wato man nan da ke bushewa ya ƙame waya, sauran masu naɗi sau ɗaya suke shanyawa su haɗa inji. Shi kuwa gasa shi yake a kan garwashi mai sanyin wuta, ya fito da shi ya huce sarai a inuwa, ya mayar, har sau uku, sannan ya yi ɗaurin ƙarshe. Waya ta gama duk miƙewa da tsukewar da za ta yi a hannunsa, ba a cikin injin mutane ba. Shi ke nan sirrin, ba layya ba, ba surkulle ba.

Ran nan ya riƙe mini kunne, da hannunsa mai warin banish, ya ce:

"Garba, wannan ba a ba wanda bai zauna gabanka ba. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Malam."

Ya ce, "Ba ji nake tambaya ba."

Na ce, "Na yi alkawari."

Da aikin naɗi ya fara ja baya saboda sababbin fankoki masu arha, wani ɗan kasuwa da nake yi wa gyara ya yi mini hanyar biza. Aikina a Dubai shi ne gwada kaya a wani ofishin kago, wato na masu aika kaya ta jirgi, da ke Deira, can wajen Al Buteen. Janareto, situbalaiza, fanka, duk abin da 'yan kasuwarmu suka saya sai na kunna na ga yana aiki kafin a zuba a kwantena. Aiki ne mai tsabta, amma wallahi hannuna ya yi kewar waya. Muna zaune da mahaifiyarku a wani ƙaramin fulat a International City, ku kuna makaranta a gida wajen kakarku. Abokina ɗaya na ƙud da ƙud shi ne Istifanus, mutumin Zonkwa, mai gyaran lif ɗin hawa bene, yana zaune a Satwa da wasu 'yan uwansa su biyar a ɗaki biyu. Duk ranar hutu bayan ya fito daga coci sai ya hau bas ya taho cin tuwon mahaifiyarku, don ya ce shi ya gaji da shinkafar Indiyawa. Ni nakan ce masa Fasto, shi kuma ya ce mini Injiniya, alhali ba wanda yake da takardar ko ɗaya a cikinmu.

Shi ya jawo mini. Wata rana bayan mun ci mun ƙoshi ya miƙo mini wayarsa.

"Injiniya, zo ka ga mahaukata irinka."

Wani zaure ne a intanet na mutane daga ƙasashe daban-daban, ba su taɓa ganin juna ba, sun haɗa kai suna ƙera na'urar gano ƙarfe a ƙasa. Ba ta sojoji ko ta 'yan haƙar ma'adinai ba, ta masu sha'awa, waɗanda ke yawo a gona ko bakin ruwa ranar hutu suna tono tsohon kwabo da maɓalli. Wannan bai ba ni mamaki ba, kowa da haukarsa. Abin da ya tsayar da ni shi ne zanen. Ga shi nan baje, kowane layi, kowane ƙaramin kaya da lambarsa, har da bayanin dalilin da ya sa aka zaɓe shi. Kowa ya ɗauka kyauta, ya ƙera, in ya ga gyara ya gyara, da sharaɗin ya dawo ya faɗa wa saura.

Na ce, "Fasto, akwai ƙarya a ciki."

Ya ce, "Wace ƙarya kuma?"

Na ce, "Ba mai ilimin da zai zubar da shi a titi haka. Akwai wurin da suka canja lamba ɗaya, don wanda bai sani ba ya ƙera ya kunyata."

Kada ku yi mini dariya, amma sati guda na yi ina neman ƙaryar nan. Na sa aka buga mini zanen a takarda, ina tafe da shi a aljihu, a bas ina bi da biro, a wajen aiki tsakanin kwantena da kwantena ina bi. Na san duk inda mai wayo zai ɓoye tarko, don ni ma na taso cikin masu kankare lambar kaya da reza kafin su mayar wa mutum rediyonsa. Ban samu komai ba. Kuskure ɗaya na gani, ɗan ƙarami, kuma kafin in gama murna na tarar wani ya riga ni gani ya rubuta, mai zanen ta yi masa godiya ta gyara a gaban kowa. Mai riƙe da zanen wata mata ce 'yar Poland, Marta, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Na daɗe ina kallon godiyar nan tata. A layinmu in ka nuna wa babba kuskurensa a bainar jama'a, to ka nemi wani shagon.

Sai na ce bari in ƙera in gani da idona. Kayan duk akwai su a babbar kasuwar 'yan China da ke maƙwabtaka da mu, sai dai ka yi ta yawo har ƙafa ta gaya maka. Teburin cin abincinmu ya koma shago. Yadda na'urar take aiki ba wuya. Sanda gare ta da ake riƙewa, a ƙasan sandar akwai zobba biyu na naɗin waya, ɗaya yana aikawa, ɗaya yana saurare. Ana jera su ta yadda mai sauraren ba ya jin komai, tsit. Da ƙarfe ya matso kusa sai ya ɓata shirun, na'urar ta yi kuka. Duk cinikin a kan shirun nan yake, in waya ta gusa ko da faɗin gashi ne, shiru ya tafi. Mu kuwa baƙi ne masu biza, ba mu da niyyar yawo da sanda bakin teku mu jawo wa kanmu tambayar hukuma. Don haka Istifanus ya ciko mana buhu da yashin gini, muka juye a babbar robar wankin mahaifiyarku. Muka binne cokalinta, muka binne makullin gida, har ɗan kunnenta na zinare sai da muka binne.

Ta tsaya a bakin kicin da hannu a ƙugu ta ce, "Baban Walida, in ɗan kunnen nan ya ɓace, kai da Fasto za ku tankaɗe yashin nan da rariya, ni ba ruwana da kukan inji."

Bai ɓace ba. Na'urar ta yi kuka daidai kansa, Istifanus ya yi tsalle yana "Yalla! Yalla!" irin ihun Larabawa, kamar shi ya ƙirƙiro wutar lantarki. Ni kaina sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Abin da wata mata ta zana a ƙasar da ban san hanyarta ba, ga shi yana magana a robar wankinmu.

Murnar ba ta wuce ƙofar gida ba. Da muka sauko da ita filin ajiye motoci da rana tsaka, a watan da zafin Dubai yake sa takalmi ya manne da kwalta, ko minti biyar ba a yi ba ta fara kuka ita kaɗai. Ka ɗaga ta sama, kuka. Ka nuna ta ga iska, kuka. Muka koma sama cikin sanyin ɗaki, ta yi shiru kamar ba ita ba. Istifanus ya bincika zauren ya ga ba mu kaɗai ba ne, wani ɗan Indiya da wani ɗan Brazil sun daɗe suna wannan ƙorafin. Mutanen ƙasashen sanyi sun yi ta canja kaya a allon na'urar, sun yi lissafi shafi-shafi, abin ya ƙi. Ni kuwa tun a filin motocin, da na taɓa zoben na ji ya yi zafi, na san ba allo ba ne. Wayar ce take miƙewa a rana tana gusawa. Cutar da Malam Ado ya yi wa magani tun kafin a haifi rabin 'yan zauren.

Na sake naɗi irin na Malam. Garwashi babu a fulat, sai na ari obin ɗin mahaifiyarku, na sa shi a mafi ƙanƙantar wuta. Sau uku ina gasawa ina fitarwa. Kwana huɗu duk abin da ta gasa yana warin banish, kuma kwana huɗu ban huta da baki ba. Ranar hutu muka sake sauka da azahar. Na ajiye na'urar a rana, muka koma inuwar wata mota muna jira. Minti goma, shiru. Rabin awa, shiru. Na jefa mata kwabo, ta yi kuka, na ɗauke, ta yi shiru. Istifanus ya ɗauki bidiyo yana zuba Turanci, gumi yana ɗiga a kan wayar.

Kai, ran nan zauren ya rikice. Mutanen da ban sani ba suna ta kiran sunana. Marta ta rubuto da kanta, ta ce shekara biyu suna fama da wannan, ko zan taimaka in rubuta yadda na yi daki-daki a sa cikin zane? Turancina na kasuwa ne, na sayen janareto, don haka ni nake faɗa da Hausa Istifanus yana rubutawa. Na faɗi kaurin waya, na faɗi yawan zagaye, na faɗi zaren auduga da ake ɗaurewa da shi, na faɗi yadda ake sirka banish. Mataki tara na bayar, duk gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya. Na goma, gashin nan sau uku, na haɗiye shi.

Ina so ku gane abin da ke raina a lokacin, don ba mugunta ba ce. Ni a tunanina na yi abin da kowane mai sana'a na ƙwarai yake yi. Ka ba da tara, ka riƙe ɗaya. Wanda yake da gaske zai gwada ya kasa, ya gane akwai saura, ya zo ya gaishe ka. Ya yi ta zuwa, ka yi ta kallon halinsa, in ka gamsu ka ja shi gefe. Haka na samu, haka na san ana bayarwa. Har ina jin daɗi a raina ina cewa bari mu ga wanda zai fara zuwa.

Ba wanda ya zo. Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne, su ba su san ana riƙe ɗaya ba. Da suka naɗa abin ya ƙi, ba wanda ya ce Garba ya ɓoye wani abu, kowa kansa ya zarga. Ɗan Indiyan ya ce ƙila banish ɗin ƙasarsu ne ba kyau, ya je ya sayo wani. Ɗan Brazil ya auna wayarsa ya sake aunawa. Akwai wani dattijo ɗan Australiya, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda hannunsa yake rawa. Sau huɗu yana naɗawa yana warwarewa, kowane naɗi yana cin masa kwana biyu. A na huɗun ya sa hoton hannuwansa a kan tebur, ya rubuta mini cewa in yi haƙuri, ya ɓata mini kyakkyawan aiki, hannun ne ya tsufa. Istifanus ya karanta mini, na ce ya sake karantawa. Mutumin da ya girme ni yana ba ni haƙuri a kan abin da ni na yi masa. Abinci bai shiga bakina da daɗi ba ran nan.

Sai kuma wani mai baƙin baki, ban ma riƙe ƙasarsa ba, ya fito ya ce bidiyon ƙarya ne, mun rage ƙarfin na'urar ne don ta yi shiru. Ni! Ni za a ce wa maƙaryaci a kan naɗi! Na miƙe tsaye a falo ina faɗa da waya kamar mutumin yana ciki, na ce wa Istifanus ya rubuta masa cewa tun yana cikin tsumma nake naɗa waya. Istifanus ya ce, "Shwaiya, shwaiya, Injiniya," wato in bi a hankali, ya ƙi rubutawa. Marta ce ta tsawatar wa mutumin. Amma ta ƙara da cewa ƙa'idarsu ita ce ba a barin abu a zane sai wani ya maimaita shi ya yi aiki. In wata ya ƙare ba wanda ya dace, za ta cire naɗina, ba don ta ƙaryata ni ba.

Ranar hutun da ta biyo baya muna cin abinci, Istifanus ya ce bari ya sake karanto matakan da Hausa, ko shi ne ya yi kuskuren fassara. Bawan Allah, shi ma kansa yake zargi. Ya karanta ɗaya har tara ya tsaya. Mahaifiyarku tana zuba miya, sai ta tsaya da ludayi a sama.

"Ina maganar obin ɗina?"

Istifanus ya ce, "Wane obin, Madam?"

Ta ce, "Wanda ya kwana huɗu yana wari. Sau uku mutumin nan yana sa zoben yana fitarwa, har da hana ni buɗe taga wai kada iska ta buge shi. Ban ji ka karanta ba."

Istifanus ya ajiye wayar a hankali ya dube ni. Na ce wannan sirrin Malam ne, ba a ba wanda bai zauna gabanka ba, in suna so su zo su gaishe ni yadda ake yi.

Ta ce, "Su zo ta ina? Ta cikin waya za su share maka shago? Tsohon nan mai rawar hannu ne zai hau jirgi ya zo ya sayo maka goro?"

Na ce ba ta san sana'a ba.

Ta ce, "Ban sani ba. Amma na san kai ka ɗauki nasu goma cif, ba wanda ya ce ka durƙusa. Har sati ka yi kana neman inda suka cuce ka, ba ka samu ba. Ashe kai za ka kawo musu cutar."

Istifanus ya miƙe. Ya wanke hannu, ya yi wa mahaifiyarku godiya, ya tafi tun kafin la'asar, shi da sai an kore shi. A bakin ƙofa ya ce mini, "Da bakina na rantse musu cewa ba abin da muka rage." Wannan ya fi mini zafi a kan duk abin da ta faɗa.

Hanya ɗaya na gani, in nemi izini. Washegari da hutun azahar, lokacin hantsi ne a Kano, na fita bayan ofis na kira ɗan Malam, na ce ya kai masa wayar. Malam ya tsufa sosai, ido ya tafi, amma kullum sai an kai shi shago ya zauna a kan bencinsa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi zafin ƙasar Larabawa. Na yi masa bayani tun daga farko. Abin mamaki, labarin na'urar ya kama shi. Ya yi ta tambaya: zobba biyun a haɗe suke ko a rabe? Tana bambance tagulla da baƙin ƙarfe? Zurfin kamu nawa take ji? Da na ce masa gashinsa ne ya hana ta kukan banza, sai ya yi dariya har da tari. Na ce a raina an gama. Sai na roƙi izinin in rubuta musu.

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Su nawa ne?"

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, ba a san adadi ba. Duk wanda ya buɗe zai gani."

"Har yaran layin nan?"

Na ce, "In sun nema, har su."

Ya ce, "Ka san halinsu ɗaya bayan ɗaya?"

Na ce, "A'a, Malam."

Ya ce, "To ni shekara tara na yi ina kallonka. Ban ba ka izini ba, Garba." Ya miƙa wa ɗansa wayar.

Kwana shida na yi ina juya maganar. Ba zan ce muku Malam ba shi da gaskiya ba. Wannan gashin shi ne abincin gidansa, da shi ya aurar da 'ya'yansa, da shi ɗansa yake riƙe da shagon. Kuma alkawari na yi da bakina, ba wanda ya sa mini wuƙa. Na yi tunanin in fice daga zauren shiru, a cire naɗin, kowa ya huta. Amma ko na fice, dattijon nan zai ci gaba da zama da cewa hannunsa ne ya lalace, ni kuma na san ba haka ba ne. Da tun farko na yi shiru ban nuna bidiyo ba, da ban ci amanar kowa ba. Son a san na iya ne ya kai ni inda dole in saɓa wa ɗaya, ko wanda ya koya mini, ko waɗanda suka yarda da ni ba su taɓa ganina ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau bas zuwa Satwa. Na samu Istifanus yana guga. Na ce ya ɗauko waya. Na faɗi mataki na goma, zafin da ake so, tsawon lokaci, yadda ake bari ya huce. Na ce ya rubuta cewa da gangan na rage shi, ba mantuwa ba ce, kuma hannun dattijo lafiyarsa ƙalau. Na ce ya rubuta cewa ba ni na gano ba, wani mai naɗi ne a Kano, Malam Ado, a sa sunansa. Istifanus ya riƙe yatsa a kan wayar ya ce, "In na danna, shi ke nan, ba ya dawowa fa." Na ce ya danna.

Kafin sati biyu ɗan Indiyan ya dace, ɗan Brazil ya dace. Dattijon ya dace a naɗinsa na biyar, ya sa bidiyon kansa a rana yana kaɗa sanda yana dariya ba haƙora. Ba wanda ya zage ni, abin da suka fi yi ma tambaya ce, wai don Allah yaya ake koyon sana'a a Kano, ina ba su labari suna ta mamaki kamar yadda na yi mamakin nasu. Ni da kaina na kira Malam na gaya masa abin da na yi, don ban so ya ji a bakin wani. Ya saurara har na gama, ya kashe wayar. Daga nan ko na kira sai ɗansa ya ce yana barci. Kuma abin da ya ji tsoro ya faru, ba zan ɓoye muku ba. Kafin shekara ta zagayo akwai akwatin gashi a bayan shaguna da dama a layin, aikin shagon Malam ya ragu. A nan ne maganar sayarwa ta samo asali, don ba wanda ya yarda mutum mai hankali zai yi wannan a banza.

Da na samu hutu na zo gida, na tafi da wani zoben naɗi da Marta ta yi da hannunta ta aiko mini ta gidan waya. Na samu Malam a kan bencinsa da safe. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba. Yaran layi suka fara leƙowa. Sai kawai na ɗora masa zoben a cinya. Ya yi kamar zai ture, sai yatsunsa suka kama shi. Ya bi shi a zagaye a hankali, ya matsa nan, ya matsa can, ya kai hanci ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce ya kara a kunne.

Ya ce, "Wa ya naɗa wannan?"

Na ce, "Wata mata ce, Malam, malamar makaranta, a wata ƙasa mai sanyi."

"Mace?"

"Mace, Malam."

Ya sake bin zoben da babban yatsa, ya tsaya a wani wuri ya daɗe.

Ya ce, "Gashin ya yi. Amma tana jan waya da ƙarfi in ta zo kwana, ga shi nan, ga shi nan kuma. Ka ce mata ta sassauta hannu, waya ba igiyar guga ba ce. In ta sake wani a kawo mini in taɓa."

Na ce, "To, Malam." Zuciyata ta yi sanyi, na matsa kusa na ce, "Malam, ni kuma a yafe mini."

Ya rungume zoben a ƙirjinsa, ya juya fuska wajen bango.

Ya ce, "Ita ba ta yi mini alkawari ba. Tashi ka tafi."

Na gaya wa Marta, ta sassauta hannu, an ƙara gyaran a cikin zane da sunansa. Ta naɗa wani ta aiko, na ba wani ɗan kasuwa ya kai masa, aka ce ya taɓa ya ce yanzu ta iya. Zobba uku ya duba mata kafin ya rasu, duk ta hannuna suka bi, kuma ko sau ɗaya bai ce a gaishe ni ba.